Tsakiyar Birnin Jos Jari Ce Da Haƙar Kuza Ta Bari

Sanin kowa ne cewa Jihar Filato tana yi wa kanta kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, har ma an rubuta haka a jikin lambobin motocinta. To amma duk lokacin da jami'an gwamnati suka tashi lissafa wuraren da baƙo zai ziyarta, abin da za ka ji shi ne Dutsen Wase, da duwatsun Shere, da magangarar ruwa ta Assop, da gandun namun daji. Da wuya ka ji an ambaci tsakiyar garin Jos kanta, wato tsofaffin kantuna da ofisoshi da tashar jirgin ƙasa da unguwannin da haƙar kuza ta haifar fiye da shekara 100 da suka wuce. A ganina wannan wuri shi ne hajar da ta fi kowace sauƙin sayarwa a jihar, kuma ita ce ta fi kowace saurin lalacewa, domin dutse ba ya zuwa ko'ina, amma tsohon gini dare ɗaya ake rushe shi a kafa rukunin shaguna.

Abin da nake kira a yi ba wani babban aiki ba ne. A ƙasashe da yawa, garuruwan da suka tashi a kan haƙar ma'adinai sun tsara hanya ta musamman a cikin tsohon garinsu, wadda baƙo zai bi da ƙafa cikin awa biyu ko uku, tare da ɗan jagora mai ba shi labarin kowane gini, ko kuma da 'yar taswira a hannunsa da alluna a jikin bango. Baƙon ya biya kuɗin jagora, ya ci abinci a hanya, ya sayi tsaraba, in ya ji daɗi ya ƙara kwana a masauki. Jos tana da duk abin da ake bukata domin irin wannan zagaye, har da abin da kuɗi ba ya saye: garin yana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, saboda haka mutum zai yi tafiyar ƙasa da hantsi ba tare da rana ta galabaitar da shi ba.

Bari mu bi hanyar daki-daki, domin mai karatu ya ga irin kayan da ke akwai. Wurin farawa shi ne tashar jirgin ƙasa da kewayenta, inda ake kira Taminus, sunan da ya samo asali daga kasancewar wurin ƙarshen layin dogo. Kafin zuwan jirgi, a ka ake ɗaukar kuza daga tudun Filato, tafiyar kwanaki masu yawa zuwa bakin kogi, abin da ya sa kuɗin dako ya riƙa cinye ribar kamfanoni. Saboda haka ne Turawan mulki suka shimfiɗa ɗan siririn layin nan daga Zariya, wanda ya iso Jos da Bukuru a 1914, aka kuma rufe shi a 1957. Babban layi daga Fatakwal ta Kafanchan ya iso a 1927. Duk ɗan kasuwar da ya tsaya a wannan wuri yana kallon misali ne na yadda kuɗin sufuri yake yanke hukuncin inda gari zai zauna. An tsara Jos a matsayin gari a wajajen 1915, wato jim kaɗan bayan isowar jirgin.

Daga tasha sai a shiga Titin Beach da Titin Ahmadu Bello, inda kamfanonin Turawa da na Kwarori suka jera kantunansu da ɗakunan ajiyar kaya, daga baya bankuna suka biyo su. A nan ne ɗan jagora zai bayyana wa baƙo yadda aka raba garin gida-gida a zamanin mulkin mallaka: Turawa a unguwarsu can gefe, akawuna da 'yan kasuwa baƙi a tsakiya, sauran jama'a kuma a garin da ke ƙarƙashin En'e. Wannan rabo, wanda aka yi shi domin jin daɗin masu mulki da masu kamfani, har yau ana iya karanta shi a faɗin tituna da girman filaye.

Sai kuma a gangara ta wajen Babban Masallacin Juma'a, a ratsa tsofaffin unguwanni irin su Gangare har zuwa rafin Dilimi, wanda a cikin yashinsa da na rafukan da ke kusa aka yi wankin kuza na farko-farko. Ya kamata a faɗa wa baƙo a nan cewa Turawa ba su ne suka fara sanin wannan ma'adini ba. Tun kafin zuwansu maƙera a Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka shi, suna zuba shi siri-siri kamar tsinke, fatake suna kai shi kasuwanni masu nisa. Ganin wannan haja a hannun fatake ne ya sa kamfanin Niger Company ya aiko mutanensa neman tushenta a farkon ƙarni na 20, har injiniyansa Henry Laws ya kafa sansani a Naraguta a wajajen 1904. Ba a daɗe ba sana'ar maƙeran gida ta mutu, domin dokokin haƙar ma'adinai na Turawa sun miƙa filayen ga kamfanoni. Wannan darasi ne da ya shafi duk mai ƙaramar masana'anta a yau.

A waɗannan unguwanni ne kuma ake ganin abin da kuza ta tara na jama'a. Leburori da masu kwangila da mahauta da masu sayar da abinci sun zo daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Barno, akawuna da kanikawa da direbobi sun zo daga ƙasar Ibo da ta Yarbawa da ta Urhobo, wasu ma daga Saliyo da Gana. Berom da Anaguta da Afizere, waɗanda aka haƙa gonakinsu, su ma daga baya sun shiga aikin, mata da maza, da kwano a ka. Marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru ya kuma rasu a 2015, ɗan wannan cakuɗa ne, kuma ba abin mamaki ba ne da waƙoƙinsa suka fi karkata ga talaka da ɗan ƙwadago.

Zagayen zai ƙare a gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Shi kansa wannan gida ɗan kuza ne. Masu haƙa ne suka tono mutum-mutumin yumɓu na farko a kusa da ƙauyen Nok a 1928, sa'an nan a 1943 aka kawo wa Fagg wani kan mutum na yumɓu da aka samu a wani filin haƙa a yankin Jama'a, daga nan duniya ta san al'adar Nok, wadda ta haura shekara 2,000. A harabar gidan akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa, akwai kuma filin da aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya bisa aikin masanin gine-ginen nan na ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski. Wanda bai gaji ba sai ya ƙarasa otal ɗin Hill Station, ko ya leƙa majami'ar St. Piran, wadda aka sa mata sunan waliyyin da masu haƙar kuza na yankin Kwanwal a Ingila suke ɗauka majiɓincinsu. Sunan kaɗai ya isa ya nuna daga inda injiniyoyi da manajojin farko suka fito.

Wanda ya bi wannan hanya zai fito da cikakken tarihin tattalin arziki na wata haja, daga tashinta har faɗuwarta. Haƙar kuza ta kai ƙololuwa a 1943, lokacin da aka fitar da fiye da tan 17,000 a shekara guda, saboda Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila kuwa tana cikin yaƙi tana bukatar ƙarfen ido rufe. An cim ma wannan adadi ne da aikin tilas. Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebo dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa aka kawo su tudun Filato, inda sanyi da ƙarancin abinci da cututtuka suka hallaka da yawa daga cikinsu. A shekarun 1950 kuma sai ga kasuwar kwalambait ta buɗe, lokacin da Amurka take tara shi domin masana'antun makamai, Nijeriya ta zama ta farko a duniya wajen samar da shi. Wutar lantarkin da kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya janyo daga magangarar ruwa ta Kurra, domin injinan haƙa aka yi ta, garuruwa sun samu ne a ƙarƙashin inuwarsu. A farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narka kuza ta Makeri. Daga nan sai gangara: kuza ta saman ƙasa ta yi ƙaranci, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta zo a lokacin da masu jari suka riga suka fara ja da baya. Abin da ya rage ya rushe a watan Oktoba na 1985, lokacin da Majalisar Kuza ta Duniya ta kasa biyan basussukanta, aka dakatar da cinikin kuza a kasuwar ƙarafa ta Landan, farashi ya faɗi da fiye da rabi.

To, ina riba a cikin ba da wannan labari? Tambayar da ɗan kasuwa zai yi ke nan, kuma yana da gaskiya. Mu ɗauki misali domin lissafi kawai. A ce ɗan jagora ɗaya ya zaga da mutum 10 a rana, kowa ya biya Naira 5,000, sau uku a mako. Naira 150,000 ke nan a mako, ba tare da an sayi mota ko an zuba mai ko an gina ofis ba. Wannan kuɗi ba shi ne babban abu ba. Babban abin shi ne mutum goman nan suna tafiya ne a ƙasa, a gaban shaguna, da aljihunsu a kusa da hannunsu. Baƙon da aka ɗauka a mota daga masauki zuwa magangarar ruwa aka dawo da shi, mai mota da mai gidan mai kaɗai ya amfana. Wanda ya taka da ƙafa kuwa zai sayi masa da tsire, ya sayi jakar fata irin ta Naraguta, ya sayi dankalin Turawa da 'ya'yan itacen da Filato ta yi suna a kansu. Bugu da ƙari, baƙon da ya zo taro na kwana biyu, in aka ba shi dalilin ƙara kwana ɗaya, masu masauki sun samu ƙarin rabin abin da za su samu a kansa ba tare da sun ƙara ɗaki ko ɗaya ba.

Kada kuma a ɗauka cewa sai an jira Turawa. Kasuwar farko tana gida. Jos gari ne na tarurruka da makarantu: ga jami'a, ga Cibiyar Nazarin Manufofi ta Ƙasa da ke Kuru, ga Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, ga kwalejin horar da ma'aikatan talabijin, ga masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa kowace shekara, ga 'yan makarantar sakandare da ake koya musu tarihin kuza a allo alhali wurin yana bayan tagarsu. Akwai kuma iyalai da yawa a Kano da Legas da Enugu waɗanda aka haifi kakanninsu a barikin kuza.

Akwai wata riba da ta fi wannan nauyi a wurina, ita ce ta darajar gine-ginen kansu. Mai tsohon kanti a tsakiyar gari ba mahaukaci ba ne in ya rushe shi ya gina bene mai shaguna 30. Lissafi ya yi: tsohon ginin haya kaɗan yake kawowa, gyaransa kuma yana da tsada. Wa'azi a kan muhimmancin tarihi ba zai canja wannan lissafi ba. Abin da zai canja shi shi ne ranar da tsufan ginin ya zama dalilin da zai sa mai gidan abinci ko mai sayar da littattafai ya biya haya mai tsoka. Zagayen ƙafa shi ne hanya mafi araha ta sa wa tsufa farashi. Gwamnatin jiha na iya ƙara nauyi a wannan ɓangaren sikeli ta hanyar rage kuɗin ƙasa da harajin gini ga duk wanda ya amince ya bar fuskar gininsa yadda take, ko da ya sabunta cikinsa.

Wasu garuruwan kuza sun riga mu. Yankin Kwanwal, wanda rushewar farashi ta 1985 ta buga kamar yadda ta bugi Filato, ya rufe ramin Geevor a 1990, ya buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1993, sa'an nan a 2006 hukumar UNESCO ta sa wuraren haƙar ma'adinai na yankin cikin jerin kayan tarihi na duniya. Garin Ipoh na Malesiya, wanda shi ma kuza ce ta gina shi, ya tsara hanyar zagaya tsohon garinsa, tsofaffin shagunansa kuma sun koma gidajen shan gahawa da masaukai. A Afirka ta Kudu, ramin lu'ulu'u na Kimberley ya daɗe yana karɓar masu biyan kuɗin shiga. Nijeriya kuwa wurare biyu take da su a jerin na UNESCO, Sukur tun 1999 da kurmin Osun na Oshogbo tun 2005, babu kuma ɗaya da ya shafi tarihin masana'antu, duk da cewa ga Jos ga kuma Enugu, inda 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley a watan Nuwamba na 1949.

Za a ce mini ina batun tsaro? Ba za a kauce wa wannan tambaya ba. Jos ta ga rikici a 1994 da 2001 da 2008 da 2010, an kuma tayar da bama-bamai a Taminus a watan Mayu na 2014, inda fiye da mutum 100 suka rasu. Babbar kasuwar garin, wadda aka buɗe a 1985 ake kuma alfahari da ita a Afirka ta Yamma, ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, kuma an shafe fiye da shekara 20 ana alkawarin maido da ita. Sakamakon haka garin ya rabu, har akwai matasan da suka girma ba su taɓa taka wasu unguwanni ba, duk da cewa tafiyar minti 15 ce tsakaninsu. Amma tsakiyar gari ita ce wurin da har yanzu kowa yake haɗuwa da kowa domin ciniki. Zagayen da zai ratsa ta gaban masallaci da majami'a, da 'yan jagora daga ɓangarorin biyu masu cin abinci daga aiki ɗaya, yana ba mutanen kowace unguwa dalilin kuɗi na kare baƙon da ya shigo. Ban ce wannan zai warkar da rikicin Filato ba. Na ce dai abin da ake kashewa wajen gwada shi bai kai kuɗin taron sulhu guda ɗaya a otal ba.

Matsalar da ta fi tsaro wuya ita ce wa zai ba da labarin. Tambayar wa ya kafa Jos ba tambayar tarihi kaɗai ba ce a garin, tana ɗauke da batun sarauta da kujeru da takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Ɗan jagoran da ya mai da zagayen dandalin kare da'awar ƙabilarsa zai kashe kasuwar a mako guda. Maganin haka shi ne a rubuta bayanin tun farko, a hannun malaman tarihi na Jami'ar Jos da ma'aikatan gidan tarihi, tare da dattawan al'ummomin da abin ya shafa, a kuma tsaya kan abin da takardu suka tabbatar: wane kamfani, wace shekara, tan nawa, ladan lebura nawa. Kada kuma a yi wa labarin kwalliya. A faɗi aikin tilas, a faɗi gonakin da aka raba Berom da maƙwabtansu da su, a faɗi ɗaruruwan kududdufan da kamfanoni suka bari ba su cike ba, waɗanda wasu suka zama wuraren noman rani, wasu kuma suke cin rayukan yara da dabbobi. Baƙo mai hankali yana gane labarin da aka tace, kuma ba ya aiko wani.

Wannan tarihi yana da amfani ga yau ta wata fuskar. Kuza ta sake daraja, domin kusan rabin abin da duniya ke amfani da shi yana tafiya ne wajen liƙa wayoyi a cikin kwamfuta da wayar hannu da makamantansu, har farashin tan guda ya kai wajen dala 50,000 a watan Maris na 2022. Matasa sun koma tsofaffin filaye da diga da shebur, ramuka suna rufta musu, har gwamnatin jihar ta ba da umurnin dakatar da haƙa na wani lokaci a farkon 2025. Mai jarin da yake shirin shiga harkar ma'adinai, da jami'in da zai ba shi lasisi, dukansu za su ƙaru in suka ga da idonsu abin da zagaye na farko ya bari da abin da ya tafi da shi.

Game da wanda zai fara, shawarata ita ce kada a jira kasafin kuɗin gwamnati, domin da zarar abu ya shiga can sai ya zama kwangila, a gina ƙatuwar ƙofa da ofishin darakta, a manta da 'yan jagora. Ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta jihar da masu otal-otal su ne za su ci riba, su ya kamata su haɗa kuɗin buga taswira da kafa alluna da horar da matasa 10 ko 15 masu jin Hausa da Turanci. Bankunan da suke zaune a tsofaffin tituna kowanne ya ɗauki nauyin allo ɗaya ko biyu. Abin da ake bukata daga hukuma kaɗan ne: kwashe shara, gyara gefen titi inda masu tafiya ke bi, da fitilu. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ba ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi, tana da ma'aikata a Jos tun tuni. Aikin farko, wanda ɗaliban sashen zanen gine-gine za su iya gamawa cikin hutu guda, shi ne a bi Titin Beach da Titin Ahmadu Bello da kewayen tasha gini bayan gini, a ɗauki hoto, a rubuta shekarar ginawa da sunan kamfanin da ya gina, a kuma miƙa kwafin jerin ga hukumar raya birnin Jos, wadda ita ce ke sa hannu a takardun izinin rushewa da na sabon gini.